Na iya kod huɗu a ukulele amma waƙa ta ƙi fitowa, ina matsalar take?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Wata uku ke nan da na sayi ukulele, 'yar jitar nan mai tsirkiya huɗu, ƙarama, irin wadda ake kira sofrano. Na haddace kod huɗu, wato yadda ake danna tsirkiyoyi don sautuka su fita tare, C da G da Am da F, daga bidiyon YouTube, kuma an ce da waɗannan huɗun ana kaɗa ɗaruruwan waƙoƙi. Amma in na buɗe takardar waƙa a intanet na bi ta, abin da ke fitowa ba ya kama da waƙar, ko 'yan gidanmu ba sa gane wadda nake kaɗawa. In na fara rerawa kuma sai hannuna ya rikice. Kayan ne ba su da kyau, ko ƙarin kod nake buƙata? Sannan za a iya kaɗa waƙoƙin Hausa da ita?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Kada ka ƙara ko kod ɗaya tukuna. Huɗun da ke hannunka sun isa, kuma gaskiya aka faɗa maka a kansu. Abin da ba a faɗa maka ba shi ne mutum ba da kod yake gane waƙa ba. Da abu biyu yake gane ta: karin da murya ke bi, da bugun da kiɗa ke tafiya a kai. Kod yana ƙarƙashinsu ne, yana tallafa musu. Kai kuwa wata uku ka yi kana horar da hannun hagu, ka bar na dama yana yin yadda ya ga dama. Mafi yawan ɗaliban da ke zuwa mini da irin wannan kuka, a hannun dama ciwon nasu yake.

Amma tunda ka zargi kayan, bari mu fara wanke su ko mu kama su. Tsirkiyoyin huɗu, daga wadda ke sama kusa da haɓarka zuwa ta can ƙasa, G da C da E da A ake saita su. Ka sauke manhajar saiti a waya, akwai na kyauta da yawa, ka riƙa dubawa duk sanda ka ɗauki ukulelen, ba sau ɗaya a mako ba. Sabuwar tsirkiyar nailan takan yi mako ɗaya ko biyu tana miƙewa kafin ta zauna, zafi ma yana motsa ta. In ka gama saiti, danna kowace tsirkiya a gaɓa ta 12. Gaɓa ita ce tazarar da ke tsakanin ƙarafan nan da aka gitta a wuya, kuma daga wajen kai ake fara ƙirga su. Ya kamata manhajar ta nuna maka harafin da ta nuna sanda tsirkiyar ke sake. In ya ɗan kauce, ba laifi. In ya kauce sosai, yawanci tsirkiyoyin ne suka yi nisa da wuya, ka ga sai ka ja su da ƙarfi kafin su taɓa ƙarfe, jan nan kuwa yana ɗaga sauti. A gaɓa ta 12 tazarar kada ta wuce milimita 3. Mai gyaran jita zai rage maka tsayin jakin da tsirkiyoyin ke hawa cikin ɗan lokaci. In ukulelenka ta haye wannan gwaji, to ba ta da laifi, ko da mai araha ce.

Yanzu mu zo hannun dama, inda zan fi daɗewa.

Ka lura da halin kayan da ke hannunka. Cikinta ƙarami ne, tsirkiyoyinta gajeru, sautinta ba ya daɗewa a iska. Ka kaɗa C sau ɗaya, kafin ka ƙirga uku ya mutu. Mai fiyano zai iya danna kod ya bar shi yana ta amo, kai ba ka da wannan gata. Abin da ke cike maka gurbi shi ne bugu, kuma a kan haka kayan suka taso tun asali. A watan Agustan 1879 jirgin ruwa mai suna Ravenscrag ya sauke 'yan ci-rani daga tsibirin Madeira na ƙasar Fotugal a Honolulu, don aikin gonakin rake. Cikinsu akwai kafintoci uku, Manuel Nunes da Augusto Dias da José do Espírito Santo, waɗanda suka ci gaba da sassaƙa ƙananan kayan kiɗan garinsu da itacen koa na tsibiran Hawai, daga nan ukulele ta fito. Sarkin Hawai Kalakaua ya karɓe ta a fadarsa, aka riƙa raka waƙa da rawar gargajiyarsu da ake kira hula da ita. Mai raka 'yan rawa kuwa, in bugunsa ya karye, ba wanda zai tambaye shi kod nawa ya sani. Ko saitin ma bugu yake taimaka wa: tsirkiyar G ta sama siririyar murya gare ta, ta fi C da E da ke ƙarƙashinta tashi, saboda haka ko ƙasa ka shara ko sama, da sauti mai zaƙi kake farawa.

Yawancin waƙoƙin da kake ji a rediyo bugu huɗu-huɗu suke tafiya. Ka ƙirga su haka da bakinka: ɗaya-da, biyu-da, uku-da, huɗu-da. A kan lamba hannu yana sauka, a kan "da" yana tashi. Motsi takwas ke nan kafin a dawo ɗaya, kuma hannun ba ya tsayawa ko sau ɗaya. Ka tuna matan da ke lugude a turmi: taɓarya tana sauka tana tashi a ƙa'ida ɗaya, ko sun tafa, ko sun yi waƙa, ko sun cilla ta sama sun cafe, lokacin saukarta ba ya canjawa. Haka hannunka zai kasance. Abin da ke bambanta salo da salo shi ne wane motsi ne ke taɓa tsirkiya, wane ne ke wucewa ta iska.

Ɗauki salon da ya fi kowanne yawo a takardun intanet, wanda ake rubutawa ƙasa, ƙasa-sama, sama-ƙasa-sama. Masu koyo sukan haddace shi kamar karatu, su yi "ƙasa", su tsaya, su yi "ƙasa-sama", su sake tsayawa suna jiran "sama". Tsayawar nan ita ke kashe waƙar. Ga yadda yake a gaskiya: a ɗaya ka taɓa, a "da" ɗinta hannu ya tashi bai taɓa ba, a biyu ka taɓa, a "da" ka taɓa, a uku hannu ya sauka ta iska, ko kusa da tsirkiya bai je ba, a "da" ka taɓa, a huɗu ka taɓa, a "da" ka taɓa. Shida sun taɓa, biyu sun wuce, amma takwas ɗin duk an yi su. Saukar nan ta uku da ba a ji, ita ce ran salon. In ka bar ta, sauran duk sai su goce daga wurinsu.

Ga aikin da nake so ka yi kafin ka sake danna kowane kod. Ɗora yatsun hagu a kan tsirkiyoyin huɗu a hankali, ba tare da ka danna ba, yadda in ka shara sai dai ka ji "cak-cak". Kunna waƙar da kake so. Nemo bugunta da ƙafa tukuna. In ƙafa ta zauna, sa hannu ya riƙa sauka tare da ita. Ka bi waƙar tun daga farko har ƙarshe a haka, babu kod ko ɗaya. Za ka yi mamakin yadda 'yan gidanku za su fara gyaɗa kai alhali ba ka fitar da sauti mai kari ba. Ka maimaita har sai ka iya yin hira da wani hannun bai karye ba. Wannan aiki ba ya ba da sha'awa a ranar farko, na sani, amma ban san wata gajeriyar hanya da ta fi shi ba.

Game da yadda ake sharar kanta: daga wuyan hannu motsin yake fitowa, ba daga gwiwar hannu ba. Saki manuninka ya yi laushi, farce ya goga in za ka sauka, tsokar yatsa ta goga in za ka tashi. Kada ka kaɗa a kan ramin ciki kamar mai jita, matsa wajen da wuya ya haɗu da ciki, nan sautin ya fi daɗi kuma tsirkiya ta fi laushi. Tashi kuma ba sai ya taɓa tsirkiya huɗu ba, biyu ko uku na ƙasa sun wadatar, kuma ya fi sauka sauƙi. In duk motsin ƙarfinsu ɗaya, kiɗan zai fito kamar na inji. A yawancin waƙoƙin zamani ganga tana nauyaya biyu da huɗu, kai ma ka ɗan ƙara musu ƙarfi. Daga baya za ka koyi sauka kana kashe sautin nan take da tsokar tafin hannu, abin da ke ba da ƙarar "cak" a tsakiyar kod. Da wannan kaɗai ake yin rege: ka yi shiru a ɗaya da uku, ka sare a biyu da huɗu a gajarce.

Kuma kada ka ɗauka salo ɗaya zai shiga kowace waƙa. Wannan ma yana cikin dalilan da suka sa duk abin da ka kaɗa yake kama da juna. Akwai waƙoƙi masu bugu uku-uku, waɗanda sai ka yi ƙasa, ƙasa-sama, ƙasa-sama. Akwai masu shida-shida, inda ɗaya da huɗu ke ɗaukar nauyi. In ka cusa salon huɗu a cikin waƙar shida, ko kod ɗinka duk daidai ne ba za ta fito ba. Ka fara tambayar ƙafarka nawa take ƙirgawa, kafin ka tambayi takarda.

Sai sauya kod. Zan rubuta su da lamba huɗu, daga tsirkiyar G zuwa ta A, kowace lamba tana nuna gaɓar da za ka danna, sifili yana nufin tsirkiya a sake. C shi ne 0003, Am 2000, F 2010, G 0232. Sirrin sauri a nan shi ne kada ka ɗaga yatsan da ba dole ba. Daga Am zuwa F, yatsan tsakiya yana nan inda yake, manuni kawai za ka ƙara. Daga F zuwa G7, wato 0212, manuni ne ba ya motsi. C kuwa da yatsan zobe ake danna shi, ba da manuni ba, don in za ka tafi G sai ya hau tsirkiya ɗaya kawai ya faɗa wurinsa. In kana kan G kana son Em, wato 0432, ɗora ƙaramin yatsa a gaɓa ta 4 ta tsirkiyar C, ka bar sauran yadda suke. Sannan ga abin da ƙwararru ke yi wanda takarda ba ta nunawa: suna sakin kod tun a "da" ta ƙarshe, hannun dama ya shari tsirkiyoyi a sake, yatsun hagu suna kan hanya, su iso daidai kan ɗaya. Ba wanda ke jin wannan a matsayin kuskure, domin tsirkiyoyin ukulele a sake ma sun dace da C da Am. Abin da kunne ba ya yafewa shi ne jinkiri. Gara kod ya iso da ɗan dushi a kan lokaci da ya iso tsaf a makare.

Ka buɗe manhajar ƙirga bugu, ka sa ta a 60 a minti. Kod biyu kawai, bugu huɗu kowanne, kai da komowa. In sun zauna, ƙara 5. In ka fara tuntuɓe, koma baya. YouTube ma yana ba ka damar rage saurin bidiyo zuwa 0.75 ko 0.5 ba tare da muryar ta sauka ba, ka yi amfani da wannan sosai. Minti 15 kullum ya fi awa uku ranar Lahadi, saboda yatsu ma suna buƙatar lokaci su yi kanta.

Rikicewar da kake yi in ka fara rerawa ba ciwo ba ce, kowa ya bi ta nan. Baki yana da nasa tafiyar, kalmomi suna shigowa kafin bugu ko bayansa, sai hannu ya bar aikinsa ya bi baki. Maganin shi ne ka sauƙaƙa wa hannu. Rera waƙar kana sauka sau ɗaya tak a duk inda kod ya canja. In wannan ya zauna, sauka huɗu. Bayan nan ka dawo da cikakken salo amma da guna, baki a rufe, babu kalmomi. Kalmomi su ne na ƙarshe. Kuma ka haddace baitocin tukuna, domin ido a kan waya, hankali a kan yatsu, baki a kan waƙa, aikin ya yi wa kai yawa. Wani abin lura: takardun intanet suna ɗora sunan kod a saman kalma, amma sau da yawa rubutun yakan goce a fuskar waya, kod ya faɗa kan wata kalmar. Ka yarda da ƙirga, kada ka yarda da inda harafi ya sauka. A yawancin waƙoƙi kod yana canjawa ne a kan ɗaya, bayan bugu huɗu ko takwas, wani lokaci bayan biyu.

To, wace waƙa za ka fara da ita? A nan ne kod huɗunka za su biya ka. Jerin C, G, Am, F shi ne ƙashin bayan "Let It Be" ta Beatles ta 1970, da amshin "No Woman, No Cry" ta Bob Marley, kuma "Let It Be" da ainihin waɗannan kod ɗin aka yi ta, saboda haka za ka iya bin faifanta kai tsaye. Juya su zuwa C, Am, F, G, ka sami tsarin "Stand by Me" ta Ben E. King ta 1961, wadda ba ta canja jeri tun daga farko har ƙarshe. "Riptide" ta Vance Joy ta 2013, wadda kusan kowane mai koyon ukulele ke bi ta kanta, Am da G da C ce a mafi yawanta. Ka lura da cewa biyun farko jerinsu ɗaya, amma ba mai rikita su. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka cewa ba a kod bambancin yake ba. In kana son hujja ta biyu, saurari yadda Israel Kamakawiwo'ole, mutumin Hawai, ya rera "Over the Rainbow" a faifansa Facing Future na 1993. Murya ce da ukulele kawai, kod ɗin mafi yawansu irin naka ne, sai Em da ɗan ƙari. Abin da ya ɗauki waƙar ya kai ta duniya shi ne hannun damansa da bai taɓa girgiza ba, da muryar da ta kwanta a kai.

Shawarata ita ce ka zaɓi guda ɗaya, ka gama ta. Na ga masu koyo da yawa da suka san rabin baitin farko na waƙa ashirin, amma in aka ce su kaɗa ɗaya daga farko zuwa ƙarshe sai su yi shiru. Waƙa tana da shiga, tana da baiti, tana da amshi, tana da fita. A baiti ka sassauta, a amshi ka buɗe hannu. Ka san yadda za ka tsaya. Wanda ya iya waƙa uku cikakku makaɗi ne, kuma ta huɗu za ta zo masa da sauƙin da bai zata ba.

Akwai wani dalilin da ke sa abin da kake kaɗawa ya saɓa da faifai, wato matakin da aka ɗora waƙar, abin da 'yan situdiyo ke kira ki, ni kuwa zan ce masa gida. Masu rubuta takardun ukulele sukan sauko da waƙa zuwa C don sauƙi. "I'm Yours" ta Jason Mraz ta 2008 a B aka yi ta, amma za ka gan ta a rubuce da C, G, Am, F. In ka kaɗa haka kai kaɗai, daidai ne. In ka kunna faifan ka bi shi, sai ka ji suna faɗa, ka zaci kai ne ka yi kuskure. "Riptide" kuwa sai ka ɗaura kafo, ɗan maƙalin nan da ke danne tsirkiyoyi duka, a gaɓa ta 1 kafin ku daidaita da faifan. Saboda haka in takarda ta ambaci kafo, kada ka tsallake layin. Takardun jita ma suna yi maka aiki, sunan kod ɗaya ne, sai dai ka danna shi irin na ukulele, kada ka kwaikwayi zanen yatsun jita.

Abin da zai 'yantar da kai daga takarda gaba ɗaya shi ne ƙirga kod da lamba. A gidan C, C ne na 1, Dm na 2, Em na 3, F na 4, G na 5, Am na 6. Jerinka na C, G, Am, F ashe 1, 5, 6, 4 ne. Kai shi gidan G, ya zama G, D, Em, C. Kai shi gidan F, ya zama F, C, Dm, Bb. Waƙar ba ta canja ba, hawa ko sauka kawai ta yi. Amfanin wannan babba ne ga muryarka. In kana kai wa amshi sai maƙogwaro ya shaƙe, ko baiti ya yi maka ƙasa har murya ta ɓace, ba muryarka ce ba ta da kyau ba, gidan ne ba naka ba. Gwada gidaje ukun nan, ɗaya zai karɓe ka. A nan ne za ka ƙara kod, kuma ga waɗanda suka cancanta: D 2220, Dm 2210, Em 0432, A 2100, sai Bb 3211 wanda zai ɗan wahalar da kai. E kuwa, wanda masu ukulele ke kuka da shi ko'ina, kada ka bari ya tsare ka. In waƙar a gidan A take, E7, wato 1202, yakan tsaya a madadinsa lafiya. In bai dace ba, ɗauke waƙar ka kai ta wani gida.

Tambayarka ta ƙarshe ita ce ta fi faranta mini rai. Ƙwarai ana kaɗa waƙoƙin Hausa da ukulele, sai dai ba za ka sami takardunsu a intanet kamar na Turawa ba, kuma ni a ganina wannan alheri ne, don zai tilasta maka amfani da kunne. Da yawa daga cikin karin waƙoƙinmu a kan sautuka biyar suke yawo, irin su C, D, E, G, A. Huɗu daga cikin biyar ɗin nan su ne tsirkiyoyinka a sake, D kuma yana gaɓa ta 2 a tsirkiyar C. In kana son hawa, G yana gaɓa ta 3 a tsirkiyar E, sannan a tsirkiyar A gaɓa ta 3 da ta 5 da ta 7 za su ba ka C da D da E na sama. Ka rera amshin waƙar da kake so, ka lalubo shi sauti-sauti a waɗannan wurare. Ka lura da sautin da waƙar ke komawa ta huta a kai. In A ne, fara da Am, ka gwada G da C da F a gefensa. In C ne, fara da C. In ka ga sautukan faifan ba su faɗo a waɗannan gaɓoɓin ba, matsa kafo gaɓa-gaɓa har su faɗo.

Abu biyu zan ja maka kunne a kai. Na farko, kada ka cika wa waƙar Hausa kod. Harshenmu yana da hawa da saukar murya, mawaƙi kuma yakan lanƙwasa kari ya bi kalmomi, shi ya sa baiti na biyu ba lallai ya bi sawun na farko daidai ba. Jerin kod huɗu mai zagayawa yakan takura irin wannan waƙa. Sau da yawa kod biyu, kai wani lokaci ɗaya, sun fi dacewa. Marigayi Ɗan Maraya Jos da kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya yi waƙoƙinsa, ba wanda ya ce kiɗan ya gaza, saboda bugun yana nan daram. Na biyu, yawancin kiɗanmu na kalangu da makamantansa a uku-uku yake ratsa kowane bugu, wato tafiyar shida ɗin nan da na ambata. Ka koma ga aikin tsirkiya a kashe, ka bi mai ganga da "cak-cak" har hannunka ya sami wurin zama, kafin ka nemi kod. Za ka iya ma barin shara gaba ɗaya, ka riƙa tsinkar tsirkiya ɗaya-ɗaya da babban yatsa da manuni kana maimaita ɗan gajeren kari, yadda masu gurmi da garaya ke yi. A kunnena wannan ya fi shara dacewa da waƙoƙinmu na gargajiya. In ka ga kari yana neman sauka ƙasa da C, inda ukulele ta ƙare, akwai tsirkiyar G mai kauri da ake sawa a madadin siririyar, tana ƙara maka sautuka biyar a ƙasa. Ta fi zama a manyan ukulele irin su tena, amma ba abin gaggawa ba ne.

Ban san garin da kake ba, amma in kana inda hunturu ke busawa, ka kula da itacen. Kayan kiɗa na katako sun fi son danshin iska tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin 100, hunturu kuwa yakan sauko da shi ƙasa da haka nesa ba kusa ba. Ukulele mai tsada da aka yi da zallar katako ita ta fi saurin tsagewa, mai araha ta falankin da aka manna ta fi juriya. Ko wacce ce taka, kada ka bar ta a mota ko a rana. Ajiye ta a jakarta, ka jiƙa ɗan soso ka matse shi sosai, ka sa a leda mai huji-huji a cikin jakar, yadda ruwa ba zai taɓa itacen ba.

Wannan makon, zaɓi "Let It Be" ko "Stand by Me". Kwana biyun farko tsirkiya a kashe kawai, kana bin faifai. Sannan kod da sauka huɗu a bugu 60. Ta biyun a A aka yi ta, don haka in ka zo sa kod ɗinka na C sai ka kashe faifan, ka bi manhajar ƙirga. Ranar da ka ga ta zauna, ɗauki kanka da waya ka saurara, ka kula da wurin da bugu ke ja baya, yawanci a bakin shiga G ne. In ka yi haka har yanzu akwai inda ya tsaya maka, sake rubuto mini ka faɗi waƙar da daidai wurin, mu duba tare.